Asalin Gasar 'Yan Makaranta, Da Yadda Ta Iso Mana

Ran nan da la'asar, bayan an tashi daga karatu, ina filin wasa ina auna wa yara wurin tsere da igiya, sai ga wani dattijo daga wani ƙauye na yamma da Anka. Ya jingine kekensa a gindin dogon yaro, ya yi sallama, muka gaisa. Ya tsaya yana duban ɗansa sanye da gajeren wando yana zuba toka bisa layi. Can sai ya ce mini, "Malam, ni fa karatu na kawo yaron ga. In don gudu ne, ai da na bar shi gida ya riƙa kora mini awaki, ba sai na sayi littafi ba."

Na ba shi amsar da ta zo mini baki, ya tafi bai gamsu ba, ni ma da na faɗa ban gamsu ba. Gama tambayarsa tana da tushe. Wa ya fara gama gudu da karatu? Me ya sa kowace makarantar boko, daga Gummi har Landan, ba ta cika makaranta ba sai da fili da turaku biyu a kowane gefe? Na koma na bi labarin abin, ga shi kuwa na kawo muku, ku 'yan makaranta, don ku ne a ke sa wa gudun.

Sai mu fara kawad da wani kuskure. Kada wani ya ce muku Turawa suka kawo mana wasa. Tun kakanninmu ba su ji sunan Ingila ba, in kaka ta yi, an sa gero rumbu, farin wata ya fito, samarin ƙasar Zamfara su kan cika dandali. Ga kokawa, ga langa, ga dambe wanda asalinsa na mahauta ne, ga sharon Fulani, ga sukuwa ta masu dawaki. Yaran da suka tashi bakin Gulbin Zamfara ko Gulbin Ka ba wanda ya koya musu iyo da allo. Almajirai ma da su ke hutu ran Alhamis da Jumma'a, ba zaune su ke wuni ba. Kowane wasa kuwa da ƙa'idarsa. Ɗan dambe ya san hannu ɗaya a ke naɗe wa kara, ya san turmi, ya san in abokin karawa ya taɓa ƙasa magana ta ƙare. Mai langa ya san in ya saki ƙafa ya mutu. Ƙarfi da zuciya da ƙa'ida duka muna da su. Abin da ba mu da shi a wancan zamani abu ne ƙarami ga ido, watau takarda da ma'auni. In an ce wane ya fi kowa gudu a Bukkuyum, wane kuma ba a kama shi a Gummi, ba yadda za a san wanda ya fi sai an gama su a fage guda. In sun mutu kuwa, sai abin da maroƙa da makaɗa suka riƙe.

To, a Ingila ma haka abin ya ke har wajen shekara ta 1850. Suna da manyan makarantu na kwana inda masu hali su ke kai 'ya'yansu, irin su Iton da Ragbi da Harrow. Kada ku zaci yaran nan masu ladabi ne. In an tashi daga aji ba mai lura da su, sai su bazu cikin karkara, su yi ta kama kifi da zomaye a gonakin mutane, su yi jifar tsuntsaye, su yi faɗa da 'yan gari. Su kan yi tamaula, amma ko wace makaranta da irin tata, gwargwadon filin da Allah ya ba ta. A Ragbi, inda a ke da makeken fili mai ciyawa, a kan rungumi ƙwallo a ruga da shi. A makarantun da ke cikin birnin Landan, inda ba su da wuri sai daɓen dutse, ba mai son a kā da shi, saboda haka da ƙafa su ke jan ƙwallo. Malamai ba ruwansu, waɗansunsu ma gani su ke aikin 'yan tasha ne.

Abin da ya juya al'amarin ba son wasa ba ne, tsoron tarzoma ne. A cikin 1851 yaran wata makaranta mai suna Marlborough suka yi wa malamansu tawaye na kwana da kwanaki, da fashe-fashe da ƙone-ƙone. Shugaban ya bar aiki. A 1852 aka kawo wani sabo, sunansa Cotton, wanda ya koyar a Ragbi. Shi ne ya duba ya ga yaro ɗari huɗu ko biyar ba su tsaruwa da bulala kaɗai. Sai ya rubuta wa iyaye takarda ya nemi a taimaka a gyara filaye, ya ɗauki malamai matasa waɗanda za su tuɓe riga su shiga wasa tare da yara. Dabararsa ita ce yaron da ya gaji a fili inda malami ke ganinsa, ba shi da sauran ƙarfin haura katangar mutane da dare. Dabarar ta ci, sauran makarantu suka ɗauka. Daga baya ne aka yi wa abin ado da manyan maganganu, aka ce wasa shi ke gyara hali, shi ke koya wa yaro shugabanci da haƙuri. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni malami ne, na san abin da Cotton ya gani, don na taɓa tsaron ɗakin kwana ran da ruwa ya hana fita fili.

Yanzu ga inda labarin ya ke da daɗi. Yaran nan in sun ƙare sai su wuce jami'a, Oksfod ko Kambirij, can su gamu da waɗanda suka fito daga waɗansu makarantu. A ce a yi tamaula, sai rigima. Wannan ya ɗauki ƙwallo da hannu, wancan ya ce haram. Wannan ya shure ƙaurin wani, ya ce a makarantarsu halal ne. Kamar dai a tara 'yan langa na gari biyar, kowa da inda ya ke sa gari da yadda ya ke zaɓen ruwa. A 1848 waɗansu ɗalibai na Kambirij suka taru cikin ɗaki guda, kowace makaranta da wakilinta, suka yi ta gardama har suka fitad da ƙa'idodi suka rubuta a takarda. Ba sarki ya sa su ba, ba malami ya sa su ba. A 1863 kuma aka taru a Landan aka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ingila, aka hana gudu da ƙwallo a hannu, aka hana shurin ƙauri. Waɗanda ba su yarda ba suka fita, a 1871 suka kafa tasu, ita ce ta wasan ragbi. Ƙwallon da ku ke bugawa yau a bayan aji, babu takalmi, jikan takardar nan ne.

Gasa tsakanin jami'o'in biyu ta riga haka farawa a kan ruwa. Tun 1829 suka fara tseren kwale-kwale a Kogin Temis, mutum takwas masu tuƙi da ɗaya mai riƙe da akala, daga 1856 kuwa ya zama na kowace shekara, tafiyar mil 4 da 'yan kai. Amma guje-guje da tsalle-tsalle, irin waɗanda mu ke yi ran wasannin makaranta, sai a watan Maris na 1864 suka fara karawa, a Oksfod. A lokacin nan Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ke sarauta. Wasa takwas aka yi, a ciki akwai gudun yadi 100, da na yadi 440, da na mil guda, da tsallake shinge, da tsallen bisa, da dogon tsalle. Oksfod ta ci huɗu, Kambirij ta ci huɗu, aka tashi ba kare bin damo.

Ku lura da lambobin nan, gama su ne sabon abu. Yadi 100 a Oksfod shi ne yadi 100 a ko'ina. Da aka sa agogo da ma'auni, aka rubuta a littafi, sai ya zama mutum yana iya tsere da wanda bai taɓa gani ba, har da wanda ya mutu. A 1876 wani ɗalibin Oksfod mai suna Marshall Brooks ya tsallake sanda mai tsawon ƙafa 6, abin da ba a taɓa rubuta wa wani mahaluki ba kafinsa. Bayan 'yan makonni, ran karawa da Kambirij, ya ƙara ya tsallake ƙafa 6 da inci 2 da rabi. Ba katifa a bayan sandar, bisa ƙafafunsa ya ke dira. Waɗansu da suka ji labari suka ƙi gaskatawa, suka ce ɗan Adam ba ya iya haka. Amma an auna, akwai shaidu, an rubuta. Bayan shekara 78, a 1954, wani saurayi ɗan Nijeriya, Emmanuel Ifeajuna, ya je birnin Vancouver na Kanada ya tsallake ƙafa 6 da inci 8, ya ciwo lambar zinariya. Ba su taɓa ganin juna ba, ɗaya ya mutu ɗaya bai tasa ba, amma ga shi yau ni da ku muna iya cewa wane ya ɗara wane da inci 5 da rabi. Wannan shi ne abin da gwanayen kokawarmu na dā ba su samu ba, kuma ina jin ciwon haka. Wa ya sani ko a cikin samarin da suka yi farauta a dajin Gulbin Ka a shekarar da Brooks ya yi tsallensa akwai wanda ya fi shi?

Akwai wani abin kunya da ya kamata ku sani. 'Ya'yan masu halin nan da suka shirya wasannin ba su so talaka ya shiga. Wata ƙungiya tasu ta guje-guje da aka kafa a 1866 ta sa doka cewa maƙeri da mai sana'ar hannu da lebura ba su shiga gasarta. Hujjarsu wai mai aikin ƙarfi aikinsa ya riga ya ba shi jiki. Gaskiyar magana, ba su son ɗan leburan gidansu ya wuce su gaban jama'a. Sai a 1880 waɗansu samari uku na Oksfod suka kira taro, aka kafa sabuwar ƙungiya ta ƙasa duka, aka yar da wannan doka. Masu tseren kwale-kwale kuwa suka riƙe ta har cikin shekarun 1930. Mu a nan abin ya zo mana a juye. A wurinmu ɗan sarauta da ɗan malami su ne ba su shiga fagen dambe, don a kan ce ba girmansu ba ne. Can manya sun hana talaka shiga, nan manya sun bar wa talaka fage. Ko ta wace hanya dai, an raba yara tun ba su kai ga layin tashi ba.

Mu haye teku zuwa Amurka, don can ne abin ya yi girma har ya fi ƙarfin masu shi. Gasar farko tsakanin jami'o'insu an yi ta ran 3 ga Agusta 1852, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Tseren kwale-kwale ne tsakanin Habad da Yel, a wani tafki mai nisa da su duka biyu. Me ya kai su can? Wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya biya musu kuɗin tafiya da masauki, don mutane su hau jirginsa su je kallo. Kun ga tun ran farko ɗan kasuwa yana tsaye bakin ruwa. Habad ta ci. Da aka sake karawa a 1855, sai ƙorafi ya tashi, aka ce Habad ta sa mutumin da ya riga ya ƙare karatu cikin jirginta. Ran 6 ga Nuwamba 1869, Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu yana Sarkin Musulmi, jami'ar Rutgers da ta Firinstan suka yi ƙwallo, mutum 25 kowane gefe, Rutgers ta ci 6 da 4. A 1876 suka fara taron guje-guje na jami'o'i da yawa wuri guda. Duk wannan ɗalibai ne ke shiryawa da kansu, su tara kuɗi, su rubuta wa juna takarda, su zaɓi shugaba, su sayi kaya.

Kafin 1890 abin ya zama wani iri. Ƙwallonsu ya rikiɗe ya koma na runguma da ture, dubban mutane suna biyan kuɗin ƙofa, jaridu suna zuga. Da kuɗi suka shigo, sai cin nasara ya fi ƙa'ida daraja. A 1892 'yan Habad suka ƙago wata dabara, su jeru kamar bakin mashi su rugo a guje su afka wa mutum ɗaya. A 1894 karawarsu da Yel ta yi muni, aka kwashi waɗansu ranga-ranga, har aka dakatad da wasa tsakaninsu shekara biyu. Ga kuma 'yan haya. A 1896 wani ɗalibi, Fielding Yost, ya bar jami'arsa ta West Virginia ya rubuta sunansa a kwalejin Lafayette, ya taya su suka ci Pennsylvania, ba a jima ba ya tattara ya koma inda ya fito. Shugaban Habad na zamanin, Charles Eliot, ya yi ta faɗa shekara da shekaru cewa wasan ya cinye karatu. Da dattijon nan mai keke ya ji maganarsa, da ya ce a kai masa goro. A 1895 shugabannin jami'o'i 7 suka taru a Chicago suka yanke cewa ba mai yi wa makaranta wasa sai ɗalibinta na gaskiya wanda ke zuwa aji, ba a kuma biyansa. Duk da haka ba a daina zub da jini ba. A 1905 samari wajen 18 suka mutu a filayen ƙwallo na ƙasar, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'in fadarsa ya ce su gyara. A 1906 aka kafa ƙungiyar da za ta riƙa tsaron ƙa'ida, aka karɓe linzamin daga hannun ɗalibai.

Ba sharri kaɗai shekarun nan suka haifa ba. A 1891 wani malami, James Naismith, da sanyi ya hana yaransa fita, ya rataye kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a sama, ya rubuta ƙa'ida 13, ƙwallon kwando ke nan. Ku 'yan mata kuma kada ku ce ba ku ciki, gama a 1896 'yan matan jami'o'i biyu na California suka kara a wannan wasa, aka tashi 2 da 1. A wannan shekara dai aka farfaɗo da wasannin Olimfik a birnin Atina na ƙasar Girka, mutumin da ya fara cin gasa a wurin kuwa, James Connolly, ɗalibin Habad ne da aka hana shi izini ya bar makarantar ya tafi.

To, yaya abin ya iso mana? Samarin nan da suka yi gudu da kurket a Oksfod da Kambirij cikin shekarun 1890 da bayansu, su ne aka riƙa aikowa mulki da koyarwa a ƙasashen da Ingila ta ci. Masu zaɓensu ma su kan duba ko mutum ya yi suna a wasa. Kudu ta riga mu. A watan Yuni na 1904 yaran makarantar Hope Waddell ta Kalaba suka yi ƙwallo da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila, suka ci su 3 da 2. A lokacin nan shekara guda ke nan da 'yan watanni da Turawa suka shiga Sakkwato, a Maris na 1903. A Arewa sai a 1909 Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, shi ma ɗan Kambirij ne, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano. Amma inda abin ya kafu sosai shi ne Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a Maris na 1922 don a koyad da malamai. An tsara ta bisa tsarin makarantun kwanan nan na Ingila. Aka raba ɗalibai gida gida, kowane gida da shugabansa, gida ya kara da gida. Da yamma kowa ya fita fili, ɗan sarki da ɗan malami da ɗan talaka, ana kurket, ana ƙwallo, ana guje-guje. Waɗanda suka fito daga nan aka rarraba su makarantun Midil na larduna, Sakkwato da Kano da Zariya da sauransu, kowa ya tafi da usur a aljihu. Daga Midil abin ya gangaro Elementare, har ya iso garuruwanmu. Kwalejin kanta ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce a ke kira Barewa.

Akwai wasa ɗaya da na ke so in tsaya a kansa, don shi ya fi nuna yadda abin baƙo kan zama ɗan gida. Sunansa fayif, ƙwallo ne da a ke bugawa da tafin hannu a jikin bango, biyu da biyu. Asalinsa yaran Iton ne, in suna jiran a kira suna a ƙofar ɗakin ibadar makarantarsu, sai su riƙa buga ƙwallo tsakanin ginshiƙan ginin. A wurin akwai wata 'yar katanga ta gefen matakala da ta kutso ta hagu, da wani ɗan tudu a ƙasa. Da aka zo gina wa wasan wuri nasa a 1840, sai aka kwaikwayi katangar da tudun yadda su ke, aka rubuta ƙa'idodinsa a 1877. Cikin shekarun 1920 wani malami Bature, Hogben, wanda ya koyar a Katsina da Birnin Kebbi, ya kawo shi Arewa. Aka gina bangon da ƙasa. An ce ƙwallon Ingila mai tauri ya riƙa ɓarke bangon, sai aka koma ƙwallon tanis, da shi kuwa a ke yi har yau. Ahmadu Bello, wanda ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya shahara a wasan nan ƙwarai, bai kuwa bar shi ba da ya koyar a Midil ta Sakkwato, ko da ya zama Sardauna a 1938 aka kawo shi Gusau, ko da ya zama Firimiya. Wasan da a Ingila sai 'yan makarantu kaɗan suka san shi, a Katsina da Sakkwato ya zama na 'yan gari. Duk wanda ya ga filin fayif a ƙasar Hausa ya ga 'yar katangar nan ta hagu, to matakalar wani gini ce a Ingila magina suka yi ta kwaikwaya, mafi yawansu ba su san dalilinta ba.

Gasa tsakanin makarantun Arewa da na Kudu kuwa an fara ta a 1933, ana neman wata garkuwa mai sunan Hussey, shugaban ilmi na Nijeriya a lokacin. Shi Hussey ɗin nan ɗan Oksfod ne, gwanin tsallake shinge, har ya yi wa Ingila gudu a Olimfik na 1908. Kun ga igiyar ba ta tsinke ba, daga filin nan na 1864 har zuwa yaron Sakkwato da aka sa jirgin ƙasa aka kai shi ya yi gudu da yaron Ikko.

Amma ba ma'auni da usur kaɗai muka gada ba, mun gaji ciwon ma. Wata shekara na kai yarana gasa a wani gari, ba na faɗin sunansa. Da aka jera 'yan gudun yadi 100 na ƙananan aji, sai na ga a layin wata makaranta wani ƙato da gemu ya fara tsiro masa, wanda na tabbata na taɓa ganinsa yana dako ran kasuwa. Na yi magana, aka ce sunansa yana cikin rajista. Ya ci, aka ba su kofi. A mota muna komowa ba yaron da ya yi magana, sai wani ƙarami daga baya ya ce, "Malam, baɗi mu ma mu nemo namu." Na kwana ina jin maganar nan. Abin da aka yi kuka da shi a 1855, aka yi masa doka a 1895, shi ne ya zo ya same mu a bakin Gulbin Zamfara. In ma'auni ya zama na ƙarya, to mun koma bayan kakanninmu, gama su a fagen kokawa kowa ya san ɗan wane ne, ba a kuwa gama yaro da ƙato.

Wani abu kuma da na ke ƙorafi a kai, da aka kawo na baƙi sai aka bar namu a bakin ƙofa. Shekara da shekaru yaro ya san ƙa'idar kurket bai ga an rubuta ta langa ba. Daga baya an gyara kaɗan, an shigad da kokawa da dambe da langa cikin wasannin ƙasa, maƙwabtanmu na Nijar kuwa tun 1975 su ke gasar kokawa ta ƙasa duka, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Amma a makarantunmu har yanzu langa ta lokacin tara ce, ba ta ran gasa ba.

Yau kuma wata wahala ta ƙaru wadda Cotton bai sani ba. Hanya ba ta da lafiya. Tun kafin 2021, shekarar da aka rufe makarantun Jihar Zamfara saboda satar yara, uba ba ya sakin ɗansa a sa shi mota daga Anka a bi ta Daki Takwas zuwa Gummi don gudun minti guda, ba kuwa mai ganin laifinsa. Sai ga shi mun koma yadda a ke kafin 1864, kowace makaranta da gwaninta, ba mai sanin wanda ya fi.

Amma ai maganin wannan shi ne ainihin abin da ɗaliban nan suka ƙago. Ba lalle sai an gamu ba. Ga abin da na ke roƙon manyan ɗalibai na makarantun Anka da Gummi da Bukkuyum. Ku rubuta wa juna takarda, ku da kanku, ba mu malamai ba. Ku shirya a kan tsawon fili, mita 100 ce ko yadi 100, a auna da ma'auni ɗaya. Ku shirya a kan shekarun kowane rukuni, da wanda zai tsaya shaida daga wajen makaranta, limami ko mai unguwa ko malamin asibiti, mutumin da ba ya sa hannu a ƙarya. Ku sa rana guda bayan an ƙare girbi, kowa ya yi gudu da tsalle a filinsa, a rubuta lokaci da tsawo, a aika wa juna. Agogo yanzu yana cikin kowace waya. In kun ga dama ku zauna ku rubuta ƙa'idar langa ma, ku yi gardama a kanta yadda 'yan Kambirij suka yi a 1848, har ku sami wadda gari uku suka yarda da ita.

Dattijon nan kuwa ya sake zuwa ran kasuwa, na karanta masa rabin abin da na rubuta. Da na kai wurin Cotton da yaran da ke haura katangar mutane, ya yi dariya ya ce wannan Bature ya san yara. Da na kai wurin ƙaton nan mai gemu, ya ce in za a yi abin da na faɗa, shi zai zo ya tsaya bakin layi, don duk yaran ƙauyensu ya san shekarar da aka haifi kowa. Na ce masa igiyar awo tana wurina, toka kuwa sai ya taho mana da ita.